Korona da horar da ungozomomi: abin da ya sauya da abin da ya ƙi sauyawa a Daura

Annobar korona ta tilasta wa ƙasashe da dama sake duba sharuɗɗan horar da ungozomomi da ba su izinin aiki. A masarautar Daura, inda cutar ta fara bayyana a jihar Katsina, lamarin ya fito da wata tsohuwar tambaya fili: wa ya cancanci karɓar haihuwa, kuma me za a iya rage masa a karatunsa idan an shiga halin gaggawa?

A ranar 7 ga watan Afrilun 2020 ne gwamnan jihar Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya bayar da sanarwar cewa cutar korona ta yi kisanta na farko a jihar. Wanda ya rasu likita ne mai asibiti mai zaman kansa a garin Daura. Kwanaki kaɗan bayan haka, da gwaji ya nuna cewa wasu daga cikin iyalinsa sun kamu, sai gwamnati ta kafa dokar kulle a ƙaramar hukumar Daura daga ranar 11 ga watan.

An tsayar da harkokin kasuwa, an hana zirga-zirga, an umarci jama'a su zauna a gida. Sai dai akwai abu guda da dokar ba ta da iko a kansa, wato naƙuda. Matar da cikinta ya tsufa a Daura, ko a Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, waɗanda su ne ƙananan hukumomi biyar na masarautar, ba za ta ɗaga haihuwa sai an buɗe gari ba. Tana buƙatar wanda ya san aiki a kusa da ita, a daidai lokacin da ma'aikatan lafiya ke fargabar kamuwa, kuma makarantun da ke yaye sababbin ma'aikata suke rufe.

Wace ce ungozoma?

Kalmar ungozoma tana ɗauke da ma'ana biyu a ƙasar Hausa, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne tushen wannan batu.

A al'adance ungozoma dattijuwa ce ta unguwa, wadda ta gaji sana'ar ko ta koya a gaban wata. Sau da yawa mace kan haihu ita kaɗai a ɗaki saboda kunya da nuna jarumta, sai bayan ɗa ya faɗo a aika a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya, ta kuma taimaka da hidimar jego har zuwa ranar suna. Shaidarta ita ce yardar mutanen unguwa.

A wurin doka kuwa, ungozoma ita ce wadda ta yi karatu a makarantar da aka amince da ita, ta ci jarrabawar ƙasa, aka rubuta sunanta a rajista, aka kuma ba ta lasisi. Wannan tsari ya samo asali tun zamanin mulkin mallaka, lokacin da aka kafa dokar ungozomomi a 1930. A 1979 aka haɗe hukumar ungozomomi da ta ma'aikatan jinya wuri guda, aka samar da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NMCN. Ita ce ke tsara manhaja, da ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, da shirya jarrabawa, da bayar da lasisi ko janye shi.

Akwai kuma rukuni na uku, wanda a zahiri shi ne aka fi tararwa a ƙananan asibitocin karkara: jami'an kiwon lafiyar al'umma da ake kira CHEW. Makarantar Koyon Fasahar Kiwon Lafiya da ke Daura tana cikin masu horar da irinsu. Hukumarsu daban ce, manhajarsu ma daban, kuma doka ba ta kiransu ungozomomi, ko da yake a ƙauye duk macen da ta sa farin kaya ta karɓi haihuwa sunanta ke nan a bakin jama'a.

Sharuɗɗan da annoba ta tarar

A lokacin da korona ta iso, hanyoyi uku ne ke kai mutum ga aikin ungozoma a Nijeriya. Ta farko ita ce karatun shekaru uku ga wadda ta fito kai tsaye daga sakandare. Sharaɗin shiga shi ne kiredit a darussa biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ta biyu ita ce ƙarin karatun watanni 18 ga wadda ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya mai rajista. Ta uku ita ce shirin ungozomar al'umma na shekaru biyu, wanda za a yi bayaninsa nan gaba.

A jihar Katsina, daɗaɗɗiyar makarantar ungozomomi tana Malumfashi ne, a kudancin jihar. Ke nan yarinyar da ta taso a Baure ko Zango, a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, sai iyayenta sun amince ta yi nisa da gida na tsawon shekaru kafin ta samu wannan ilimi.

Karatun kansa kashi biyu ne, na aji da na asibiti. A aji ake koyon halittar jikin mace, matakan naƙuda, magunguna da alamomin haɗari. A asibiti kuwa ɗaliba tana da littafin aiki, inda ake rubuta kowane awon ciki da ta yi da kowace haihuwa da ta karɓa, malamar da ta tsaya a kanta ta sa hannu. Sai ta cika adadin da aka ƙayyade kafin makaranta ta gabatar da ita ga jarrabawar ƙasa. Bugu da ƙari, ana ɗora wa kowace ɗaliba alhakin bin wata mai juna biyu tun daga awo har zuwa haihuwa da jego, tana ziyartarta a gida, sannan ta rubuta rahoto a kai.

Bayan an fara aiki ma ba a gama ba. A lokacin ana sabunta lasisi duk bayan shekaru uku, kuma ba a sabunta shi sai ma'aikaciya ta nuna shaidar halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi na dole, waɗanda a da akan yi su ne a zauren taro na wasu kwanaki.

Inda korona ta taɓa

Kowane mataki na wannan tsari ya dogara ne ga haɗuwar mutane, abin da annobar ta haramta.

Ƙofar shiga ce ta fara toshewa. Gwamnonin arewa maso yamma sun amince da rufe makarantu daga ranar 23 ga Maris na 2020, gwamnatin tarayya ma ta bayar da irin wannan umarni. Jarrabawar WAEC da aka shirya farawa a watan Afrilu ba a yi ta ba sai daga 17 ga Agusta zuwa 12 ga Satumba, sakamakon kuma ya fito a Nuwamba. Duk yarinyar da ke jiran kiredit biyar don neman gurbi a makarantar ungozoma, ta yi asarar watanni kafin ma ta cike takardar neman shiga.

Waɗanda ke cikin makaranta kuwa an mayar da su gida. Darussan aji su ne masu sauƙin gyara, domin malami yana iya tura bayani ta waya ko ya yi darasi ta intanet. Amma a nan ma ba kowa ya amfana daidai ba. Ɗalibar da ke zaune a birnin Katsina ko cikin garin Daura tana iya samun sabis da wurin cajin waya, alhali takwararta ta ƙauyen da ba shi da lantarki sai dai ta dogara ga abin da ta kwafa a littafi kafin a rufe.

Babbar matsalar tana ga aikin hannu. Ana iya koyon sunayen ƙasusuwan ƙugu a kan allo, amma gane kwanciyar ɗa ta hanyar shafa ciki, ko auna buɗewar bakin mahaifa, ko jin bugun zuciyar ɗan tayi, sai an taɓa mace mai ciki sau da yawa a gaban malama. Mutum-mutumin roba da ake gwaji da shi yana taimakawa wajen koyon jerin matakai, sai dai ba ya zubar da jini ba zato, ba ya tsorata, ba shi da dangin da za a yi wa bayani. Duk makon da ɗaliba ta yi a gida, shafukan littafin aikinta suna nan babu komai. Ziyarar gida da ake buƙata don rahoton mai juna biyu kuwa, dokar kulle ta hana ta kai tsaye.

Hana tafiya daga jiha zuwa jiha, wanda ba a ɗage ba sai ranar 1 ga Yulin 2020, ya shafi jarrabawa, domin hukumar kan turo masu jarrabawa ne daga wasu makarantu don kauce wa son kai. Kwasa-kwasan sabunta lasisi ma sun tsaya saboda hana taro. A wannan fanni ne aka ga sauyin da ya fi ɗorewa: karatun ƙarin ilimi ta waya ya samu karɓuwa, kuma hukumar NMCN ta haɗa kai da wata ƙungiyar ilimi ta duniya mai suna WCEA, ta yadda ma'aikaciya za ta yi kwas a manhajar waya, ta amsa tambayoyi, a ƙidaya mata makin da take buƙata. Ga ungozomar da ita kaɗai ce a asibitin ƙauye, wannan ya rage mata barin wurin aiki da kuɗin mota zuwa birnin Katsina, mai nisan kimanin kilomita 80 daga Daura.

Sabon darasi a tsakiyar aiki

Baya ga cikas, annobar ta ƙara wa ungozomomi abin da dole su sani. Ungozoma ba ta iya nisantar mai naƙuda, tana tare da ita sa'o'i da yawa a ɗaki guda, numfashinsu na haɗuwa. Don haka sai horon kare kai daga kamuwa ya dawo sahun gaba: yadda ake sa takunkumi da safar hannu da rigar kariya, da yadda ake cire su ba tare da taɓa gefen da ya gurɓata ba, da tantance mai zazzaɓi ko tari tun daga ƙofa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta kuma fitar da shawarwari don gyara wasu kurakurai da tsoro ya haifar a ƙasashe daban-daban. Ta ce kamuwa da korona kaɗai ba dalili ba ne na yi wa mace tiyata a ciro ɗa. Ta ce kada a raba uwa da jaririnta, a bar ta ta rungume shi ta shayar da shi, ta sa takunkumi ta wanke hannu, domin amfanin nonon uwa ya rinjayi haɗarin kamuwa. Irin wannan bayani ya isa ga ma'aikata da yawa ta waya. Alal misali, gidauniyar Maternity Foundation ta ƙasar Denmark ta ƙara darasin korona a manhajarta ta koyar da karɓar haihuwa a 2020, manhajar da ke aiki ko babu intanet da zarar an sauke ta.

Yadda Birtaniya ta yi

Domin a fahimci iyakar abin da za a iya sassautawa, yana da kyau a dubi Birtaniya, ƙasar da Nijeriya ta gaji tsarin rajistar ungozomomi daga gare ta.

A watan Maris na 2020 hukumar jinya da ungozoma ta Birtaniya ta buɗe rajistar wucin gadi, ta gayyaci waɗanda suka bar aiki cikin shekaru uku da suka gabata su dawo. Ta ƙara wa'adin sabunta rajista. Ta kuma ba ɗaliban da suka rage watanni shida su kammala zaɓin ƙarasa karatunsu a asibiti ana biyansu albashi, yayin da aka bar 'yan shekarar farko su koma karatun aji zalla.

Amma akwai abin da ba a soke ba. Ƙa'idar da ƙasar ta gada daga Tarayyar Turai ta tanadi cewa ɗalibar ungozoma ta karɓi haihuwa 40 da hannunta, ta kuma yi awon ciki 100, kafin a yi mata rajista. Wannan ya ci gaba da aiki. Kazalika, da cutar ta sake tsananta a watan Janairun 2021 aka sake buɗe ƙofar aikin gaggawa ga ɗaliban jinya na shekarar ƙarshe, ba a haɗa da ɗaliban ungozoma ba. An rufe rajistar wucin gadin a watan Maris na 2024.

Darasin da ke ciki a bayyane yake. Ƙasa mai arzikin asibitoci da likitoci ta sassauta takardu, wa'adi da wurin karatu, amma ta riƙe yawan aikin hannu. A Nijeriya ma, kiredit biyar da shekarun karatu da jarrabawar ƙasa sun tsallake annobar suna nan. Abin da ya sauya shi ne lokaci da hanya.

Dalilin da ya sa ba a rage ba

Mai karatu na iya tambaya: tun da akwai ƙarancin ma'aikata, me ya hana a yaye ɗalibai da wuri a tura su ƙauyuka? Amsar tana cikin irin aikin da ake nema daga ungozoma.

Yawancin haihuwa lafiya lau ake yin ta. Horon shekaru uku an yi shi ne saboda kaɗan ɗin da ke juyewa, kuma juyewar takan zo ba sallama. Zubar jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa alama ce ta haɗari, kuma mace na iya rasuwa cikin 'yan sa'o'i idan ba a tsayar da shi ba. Ungozoma mai horo ta san yin allurar oxytocin cikin minti guda bayan ɗa ya fito, da murza mahaifa, da duba ko mabiyiya ta fito duka. Ta san cewa ciwon kai mai tsanani da hawan jini ga mai ciki na iya zama share fagen jijjiga, ta kuma san gwargwadon maganin magnesium sulphate da ake bayarwa. Ta san cewa jaririn da bai yi kuka ba yana buƙatar a hura masa iska a minti na farko. Mafi muhimmanci, ta san lokacin da aiki ya fi ƙarfinta, ta tura mace babban asibiti kafin doguwar naƙuda ta kai ga mutuwar ɗa ko yoyon fitsari, ciwon da ya sa asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya yi suna a duk faɗin ƙasar.

A babban asibiti, sabuwar ma'aikaciya tana da na gaba da ita da za su gyara mata kuskure. A ƙaramin asibitin karkara kuwa sau da yawa ita kaɗai ce da dare. Saboda haka wurin da ya fi ƙarancin ma'aikata shi ne wurin da ragaggen horo ya fi haɗari.

Alƙaluma sun nuna girman abin da ake magana a kai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a hannun ƙwararren ma'aikaci, kuma a arewa maso yamma ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ce ake yi a asibiti. Ƙiyasin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2023 ya ce mata kimanin dubu 82 ne suka rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya.

Annoba kan ƙara dagula wannan hali ko da ba ta kama masu ciki ba. A Saliyo, wani bincike ya ƙiyasta cewa raguwar zuwa asibiti a lokacin cutar Ebola ta 2014 zuwa 2015 ta jawo ƙarin mutuwar iyaye mata da jarirai, har da waɗanda aka haifa ba rai, kimanin 3,600, adadin da ya kusa kai na waɗanda Ebolar kanta ta kashe a ƙasar. A watan Agustan 2020 kuma WHO ta ce kashi 90 cikin ɗari na ƙasashe 105 da ta tuntuɓa sun samu cikas a ayyukan lafiya na yau da kullum saboda korona. Idan tsoro ko dokar kulle suka hana mace zuwa asibiti, ɗakinta take komawa, hannun ungozomar gargajiya.

Sassaucin da aka yi tun kafin annoba

Abin lura shi ne, arewacin Nijeriya ya daɗe yana cikin irin halin gaggawar da korona ta jefa wasu ƙasashe, don haka manyan sauye-sauyen sharuɗɗa sun riga annobar zuwa.

A watan Disamban 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, wanda ya tattaro sababbin yaye, marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. An tsara a ba kowane ƙaramin asibiti ungozomomi huɗu, a kuma jingina ƙananan asibitoci huɗu ga babban asibiti guda. Shirin ya gamu da matsalar rashin biyan alawus a kan lokaci, rashin masauki, da kuma wahalar zaman baƙuwa a garin da ba ta jin harshensa. Da yawa ba su daɗe ba.

A 2014 aka amince da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta ba jami'an CHEW da suka samu ƙarin horo damar karɓar haihuwar da ba ta da matsala, da ba da taimakon farko kafin tura mace gaba. Wannan amincewa ce da abin da dama yake faruwa a ƙauyuka, tare da ƙoƙarin ɗora shi a kan horo.

Sai kuma shirin ungozomar al'umma. Manufarsa ita ce a zaɓo yarinya daga yankin da ke da buƙata, a horar da ita shekaru biyu, a ba ta lasisi, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. A gefe guda kuma shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020, ya yi aiki a jihohin Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe. Daga cikin ayyukansa akwai shekarar share fage, inda ake ɗauko 'yan matan karkara, har da matan aure, waɗanda ba su cika kiredit ba, a koyar da su darussan kimiyya su sake zama jarrabawa. Hikimar wannan tsari ita ce an bar sharaɗin shiga yadda yake, aka taimaki yarinyar ta kai gare shi.

Dokar kulle ta nuna amfanin wannan hanya. Ma'aikaciyar da gidanta ke cikin garin da take aiki ba ta buƙatar mota ko takardar izinin wucewa kafin ta isa ga mai naƙuda. Mazajen garin sun san iyayenta, kuma a yankin da magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba matansu, kasancewarta mace 'yar gida yana iya zama dalilin da zai sa a yarda a kai mace asibiti.

Bayan annoba

A ranar 5 ga Mayun 2023 WHO ta sanar da cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Ranar ta zo daidai da ranar ungozomomi ta duniya, wadda ake bikinta a kowace 5 ga Mayu. Shekarar 2020 kanta dama an keɓe ta ne don girmama ma'aikatan jinya da ungozomomi, kafin annoba ta mamaye ta.

A shekarun da suka biyo baya an ga wasu sauye-sauye a Nijeriya. Rubutacciyar jarrabawar NMCN ta koma kan kwamfuta, yayin da jarrabawar aikin hannu ke nan a gaban masu jarrabawa. Ana ta mayar da makarantun jinya da ungozoma zuwa kwalejoji masu bayar da diflomar ND da HND, inda ake shiga ta hanyar jarrabawar JAMB. Wannan ya ɗaga darajar takardar shaidar, amma kuma ƙarin mataki ne ga yarinyar ƙauye da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba.

An kuma samu wata matsala daga waje. Annobar ta bar ƙasashe masu arziki cikin ƙishirwar ma'aikatan lafiya, suka buɗe ƙofa. A watan Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya dubu 42 sun bar ƙasar cikin shekaru uku, fiye da dubu 15 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa sai ma'aikaci ya yi shekaru biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu don zuwa waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ita. Gwamnatin tarayya kuma ta sanar da ƙara yawan guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun jinya daga dubu 28 zuwa dubu 64 a shekara.

Ƙarin gurabe abin maraba ne, amma ya dawo da tambayar da korona ta tayar. Ana iya faɗaɗa aji cikin wata guda, sai dai yawan matan da ke haihuwa a asibitin koyarwa da yawan malaman da za su tsaya a kan ɗaliba ba sa ninkuwa da sanarwa. Idan ɗalibai goma suka kewaye mai naƙuda guda, ɗaya ce kawai za ta karɓi haihuwar da hannunta.

Rahoton halin da aikin ungozoma ke ciki a duniya na 2021, wanda Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar tare da WHO da ƙungiyar ungozomomi ta duniya, ya ce ana ƙarancin ungozomomi dubu 900. Ya kuma ce idan aka wadata ko'ina da ungozomomi masu cikakken horo nan da 2035, za a iya kauce wa kimanin kashi biyu cikin uku na mutuwar iyaye mata da jarirai, wato rayuka miliyan 4.3 a kowace shekara. Sharaɗin da rahoton ya jaddada shi ne ingancin horon da kuma kayan aiki.

Ga masarautar Daura, wannan yana nufin aikin yana farawa ne tun daga sakandaren 'yan mata: malamin Kemistiri da Fiziks, ɗakin gwaje-gwaje, da uban da zai bar 'yarsa ta kammala. Sai gurbin karatu, sai asibitin da za ta cika littafin aikinta a gaban malama, sai albashi da masauki da za su riƙe ta a Sandamu ko Baure bayan ta samu lasisi. Masu iya magana kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ungozomar da za ta tsaya a ɗakin haihuwa ranar da wata annoba ta sake rufe gari, aƙalla shekaru biyu zuwa uku kafin ranar ake buƙatar ta shiga aji.